Likkafanin da Na Baro a Badun

Sai da jirgi ya wuce Zariya yunwa ta sa na kwance ƙunshin kayana don in ɗauko ƙuli-ƙuli. A ƙarƙashin zannuwana na taɓo wani abu mai kauri wanda ba ni na sa ba. Na jawo bakinsa, sai ga farin saƙi an naɗe shi tsaf, yana ƙanshin turaren Gwaggo. Ba sai an gaya mini ba, likkafani ne. Kuma na san shi, domin a gabana Gwaggo ta yi shekara biyu tana kaɗa zarensa, ta kai wa masaƙin unguwarmu a Getso, ta ajiye a ƙasan adaka tana jiran ranarta. Shi ne ta cusa mini cikin kaya ban sani ba.

Wana, Yaya Iro, yana gefena yana cin goro. Ya gani, ya kau da kai wajen taga kamar ya hango shanunsa. Na tambaye shi ko da shi aka haɗa baki, ya ce shi dai ɗaukar kaya aka sa shi, bai buɗe ba. Na ce to ya matsa in wurga shi ta taga. Ya riƙe mini hannu, ya ce in ji tsoron Allah, tsohuwa ta ba ni abin da ta fi so a duniya. Gaskiyarsa ce, kuma ita ce ta fi ba ni haushi. Na mayar da shi ƙasan kaya, na zauna a kansa har Kaduna.

Sunana Dije. Sana'ata gyaɗa, in soya, in daka, in matse mai, in murza ƙuli. A shekarun nan kowa a ƙasar Gwarzo da Kabo gyaɗa yake ci yake sha, maza su noma su kai sikeli, mu mata mu samu namu a turmi. Wata safiya ina matsar tunkuza na ji wani ƙullutu a nonona na dama, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, kuma ba ya ciwo. Na ajiye muciya na zauna, don na san ko mene ne. Shi ya kashe Innarmu ina 'yar shekara goma. Ta ɓoye shi cikin zane har ya fashe, sai wari ne ya tona mata asiri. An yi hayaƙi, an jiƙa saiwoyi, an shafa abin da ake shafawa, amma ba wanda ya ambaci asibiti, domin a wajenmu magana ɗaya ce, ciwon daji ba ya son ƙarfe. Wai in allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Ko sunansa ba a kira, sai dai a ce ciwon nan.

Gwaggo ƙanwar babanmu ce, ita ta riƙe ni bayan Inna, kuma ita ce ta fi kowa riƙo da wannan magana. Ni kuwa ina da 'yar fari, wadda kunya ba ta bari in faɗi sunanta, kuma shekararta goma cif a lokacin. Ni na riƙa kwashe tsummokaran Inna ina wankewa a bayan gida, na rantse 'yata ba za ta wanke nawa ba. Na je asibiti a Kano, likita ya taɓa, ya ce wannan sai babban asibitin Badun, can Kudu cikin Kurmi, ya rubuta mini takarda. Malam, maigidana, sai da aka kwana uku sannan ya ce in tafi, shi cirar gyaɗa ta riƙe shi. Yaya Iro ya saba kai shanu Kurmi, ya san hanya, shi ya ɗauke ni.

Kwana biyu muka yi a jirgi a kan benci na katako. A wata 'yar tasha kafin Jabba aka tsayar da mu tun hantsi har azahar, wai jirgin kaya ne zai wuce. Da ya zo sai ga taragu ba iyaka, duk buhunan gyaɗa. Na ce wa Yaya Iro ya duba da kyau, wataƙila ta Malam ta bara tana ciki, ga shi ita an ba ta hanya ni mai ciwo an ce in jira. Bai yi dariya ba, amma wani tsoho da ke bayanmu ya yi har da tari. Da muka hau gadar Kwara mata suka rufe ido suna salati. Ni na buɗe nawa, don ban san ko zan sake ganin ruwa mai yawa haka ba. Daga nan ƙasa ta sauya. Babu kuka, babu ɗorawa, sai itatuwa a cunkushe da wani zafi mai ɗanko, mutane kuma suna magana kamar faɗa, alhali gaisawa suke yi.

A Badun muka sauka unguwar Hausawa, gidan fatoman da Yaya Iro yake sauka in ya kawo shanu. Matarsa, Hajiya Mairo, ta ba ni tabarma a ɗakinta. Ta kawo mini teba da miyar manja, na ci loma uku idona ya kawo ruwa, rabi barkono, rabi tunanin tuwon dawa da miyar kuka. Da asuba nakan kasa kunne ko zan ji dakan mata, sai dai in ji ƙarar mota.

Washegari a ƙofar asibiti wani mutum ya tare mu, riga fes, hula a karkace, Hausa a bakinsa kamar ta gida. Da ya ji mu 'yan Getso ne ya dafa ƙirji, ya ce shi ma ɗan wajen Kabo ne, ya jero mana sunayen ƙauyuka har da ranakun kasuwarsu. Baƙo ko da ido makaho ne. Ya ce takardar Kano ba ta shiga sai ta hannun na ciki, kuma ba a zuwa wa likita hannu rabbana. Muka ba shi takardar, muka ba shi gwangwanin man gyaɗar da na matse da hannuna, ya ce mu jira a gindin bishiya. Muna nan har la'asar. Man bai dame ni ba, Allah ya sa ya soya abin da zai ƙone masa harshe. Takardar ce ta tafi da rabin raina.

Kwana takwas muna zuwa ana koro mu. Mai gadi ya ce sai da kati, mai ba da kati ya ce sai da takarda, ba mai jin Hausa, mu kuma ba ma jin tasu. A rana ta takwas Yaya Iro ya ce, a hankali, ko mu koma gida ne, wataƙila Allah bai nufa ba. Na ce masa Allah bai aiko shi ya gaya mini haka ba. Ina rufe baki sai ga wata ma'aikaciyar jinya ta fito cikin fararen kaya tana sauri. Na tashi na sha gabanta, na kama hannunta, na sassauta zane, na ɗora yatsunta a kan ƙullutun, a gaban maza da mata da mai gadi. Ni da ko gaban Gwaggo ba na sauya riga. Yaya Iro ya juya baya ya rufe fuska da hula. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ta so ta fizge hannunta, sai ta tsaya, ta danna, ta sake dannawa. Sannan ta dube ni ta ce da Hausa, "Tun yaushe?" Ashe Bayarabiya ce haifaffiyar Kano, kowa Sista yake ce mata. Na ce wata biyu. Ta ce in biyo ta, kuma ba wanda ya sake tambayata takarda.

Likita ya duba, suka yanki ɗan nama suka auna, bayan kwanaki ya kira ni, Sista tana yi mana tafinta. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce daji ne, za su cire nonon gaba ɗaya har da kaluluwar hammata, kuma ba zai yi mini alkawarin ba zai dawo ba, amma na zo da wuri, wannan kuwa babban abu ne. Na tambaye shi maganar ƙarfe. Sista ba ta ma juya masa ba, ita ta ba ni amsa. Ta ce matanmu ba sa zuwa sai ciwo ya gama cin jiki, in an yi aiki sun mutu sai a ce wuƙa ce, ba wanda yake tuna shekarun da aka yi ana ɓoyo. Aka ba ni gado, aka ce aiki sai bayan mako guda.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wata mata, Tabawa, Bagobira, wadda ta yi shekaru tana tuwon sayarwa a Badun. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa, waɗanda suka ci tuwonta kuma ba wanda ya leƙo. Nata ya riga ya fashe. Warin da na ji ranar farko na san shi tun ina yarinya, har na fita waje na yi amai, sannan na ji kunyar kaina na dawo. Na riƙa ba ta ruwa, ina juya ta, ina kora mata ƙuda. Mai ban dariya ce ko a hakan. Takan ce ni Bakanuwa ce mai taurin kai, da a garinsu ne da tuni an ɗaure ni a turke. Wata rana da yamma ta ce in matso, ta ce shekara biyu tana ɓoye nata, tana tuƙa tuwo da hannu ɗaya, don kada a ce tuwonta na mai ciwo ne.

"Kada ki bari su ce miki wuƙa ce ta kashe ni," in ji ta. "Wuƙa ba ta ma same ni ba. Likita ya ce na makara."

Ta rasu ranar Talata da hantsi, hannunta a nawa. Na tambayi Sista yadda ake yi da wanda ba shi da kowa, ta ce leburori ne suke kai su. Na ce Tabawa tana da kowa. Na aika aka kira Yaya Iro, aka kai ta gidan fatoma, Sista ta ba ni izinin wuni ɗaya. Ni da Hajiya Mairo muka yi mata wanka. Fatoma ya ce zai aika kanti a yanko alawayyo, na ce ya bari, akwai. Na kwance ƙunshina na fito da farin Gwaggo. Hajiya Mairo ta riƙe baki, ta ce ba a kyauta da likkafani, balle ni da za a shiga da ni ɗakin aiki jibi. Ba zan yi ƙarya ba, ba tausayi kaɗai ne ya sa ni ba. So nake in rabu da shi. Kullum ina jin sa a ƙarƙashin gadona kamar baƙon da ya zo da wuri yana jira a gama shiri. Na ce mata wanda ya fi buƙata shi ne mai shi, ni ban shirya ba. Muka naɗe Tabawa a zaren Gwaggo, ya ishe ta har da saura.

Yaya Iro ne ya shiga kabari ya karɓe ta, tunda ba wani nata. Abin da ba mu sani ba, cikin masu jana'izar akwai wani Bawa, mai rakiyar shanu daga Dugabau, kusa da garinmu, wanda ya san Yaya Iro ya kawo ƙanwarsa asibiti. Ya ga gawar mace, ya ga farin saƙin gida irin wanda ba a samu a Badun, ya ga Yaya Iro cikin rami yana share ido. A wajenmu kuwa ba a tsayar da mai rashi a bakin kabari a tambaye shi wa ya mutu, rashin kara ne. Bawa ya miƙa masa hannu ya ce Allah ya jiƙanta, Yaya Iro ya ce amin, Bawa ya wuce tasha don jirginsa na ranar ne.

Ni ina can ban san Bawa ya kai labari gida an kashe ni ba. Ranar Alhamis aka shiga da ni. Na farka ƙirjina a ɗaure, gefen dama fayau, hannuna kamar ba nawa ba. Na yi kuka ranar da aka kwance bandeji, kuka sosai, don da nonon nan na shayar da 'ya'ya uku. Da na gama na share ido na tambayi Sista yaushe zan iya riƙe taɓarya. Ta ce in fara da taɓa bango tukuna. Kullum sai ta tsayar da ni gaban bango in riƙa hawa da yatsu, yau nan, gobe sama kaɗan, ina zagin bangon da Hausa tana dariya. Wata tsohuwa Bayarabiya da aka kawo gadon Tabawa ta ga kaina ya tsefe ba na iya ɗaga hannu, ta yafito ni, ta zaunar da ni a ƙasa ta yi mini kitso irin nasu. Ba ta jin maganata, ba na jin tata, amma mun yi hira har ta gama.

Ranar sallama likita ya ce in riƙa taɓa ɗayan da hammata duk wata, in na ji wani abu kada in jira. Da ya ji sana'ata ya ƙara da cewa gyaɗar da ta yi funfuna tana lalata hanta, kada a ci, kada a matse. Ni kuwa na san mai kyau muke kai wa sikeli, wadda aka ƙi saya ita muke ci a gida. Yaya Iro ya so a rubuta wasiƙa gida tun bayan aiki, ni na hana. Na ce in an karanta musu za su ce lallashi ne, gani ya kori ji.

Daga Kano motar gyaɗa muka hau, wadda ta sauke kaya tana komawa da buhuna wayam. Ta ajiye mu a Gwarzo muka ƙarasa da ƙafa. Tun daga bakin gari na ga abin mamaki. Wata mata ta hango ni ta saki tulu ta ruga. Wani dattijo da muka gaisar ya amsa wa Yaya Iro, ni kuwa ya bi ni da ido yana ja da baya. Da na shiga zaurenmu na ji daka a cikin gida, taɓarya uku, kuma na gane muryar turmina.

Mata ne cike da tsakar gida suna dakan gero, jibi sadakar arba'in ɗina. Na yi sallama. Ba wadda ta amsa, taɓare suka tsaya a sama, wata ta fara karanto duk abin da ta haddace. 'Yata ce ta fito daga ɗaki da tsintsiya a hannu, an yi mata aski saboda ƙwarƙwata, ta rame. Ta tsaya tana kallona. A nan na karya abin da ban taɓa karyawa ba, na kira ta da sunanta a gaban kowa, na ce, "Hanne, zo ki karɓi kayan uwarki." Ta zo da gudu ta faɗa mini a gefen da aka yanka, ya yi zafi, ban ture ta ba.

Malam ya shigo ba takalmi, ya tsuguna a bakin rijiya yana ta hamdala, ya kasa haɗa ido da ni. Matan suka fara haramar kwashe gero, na ce ina za su kai shi, su ƙarasa daka. Aka yi gumba, na zauna a kan tabarmata na ci gumbar sadakata, kuma ta yi daɗi, sai dai sun rage zuma. Da aka natsu wata ta yi ƙarfin hali ta tambaya ko da gaske ƙarfe ya taɓa shi. Na tura yara waje, na sauke zane na nuna musu tabon tun daga ƙirji har hammata. Wasu suka rufe ido, wasu suka matso. Na ba su labarin Tabawa, na faɗa musu saƙonta yadda ta faɗa.

Gwaggo tana bakin ƙofar ɗakinta duk wannan abu, ba ta matso ba, ba ta ce komai ba sai sannu da hanya. Na ɗauka fushi take yi, na ƙaryata ta a gaban mutane. Kwana uku muna gaisuwar baƙi. A na huɗu da hantsi, maza sun tafi sussukar gyaɗa, ina gwada ɗaga taɓarya da hannun hagu, ta kira ni ɗakinta ta saki labule.

"Ina farina?" ta ce.

Na ce yana ƙasar Badun, jikin wata baiwar Allah. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta kama hannuna, ta sassauta zanenta, ta ɗora yatsuna a ƙarƙashin nononta na hagu. Yana nan, ya kai goriba ƙarama, bai fashe ba. Na tambaye ta tun yaushe, ta ce tun kafin ni in ji nawa. Wato tana ɗauke da shi ta ɗauki likkafanin da ta tanada wa kanta ta sa a kayana. Na ji kamar in rungume ta, na kuma ji kamar in yi mata ihu, na rasa wanda zan fara.

"Ni na tsufa, Dije," in ji ta. "Ki samo mini auduga kawai in sake kaɗi."

"Ba audugar da zan samo miki, Gwaggo. Shekara biyu kika yi kina kaɗa wancan, ni kuwa jirgin Laraba nake so mu kama. Ba ki da likkafani yanzu, sai ki haƙura ki rayu."

Ta ce ni ba ni da kunya tun ina ƙarama. Na ce a Badun na baro ta, tare da farin.

Har yau hannuna na dama a kumbure yake, da hagu nake murza ƙuli, kuma duk wata ina taɓa jikina gabana yana faɗuwa. Ban san ranar da zai dawo ba, ko zai dawo. Amma Larabar nan mun kama jirgi, ni da Gwaggo da Yaya Iro, sabuwar takardar Kano da muka karɓo wa Gwaggo a ɗaure cikin lalitata inda ba mai hula a karkace da zai gan ta. Da muka wuce Zariya Gwaggo ta fara gyangyaɗi, na jawo ƙunshin kayanta na kwance, na bincika har ƙasa. Zannuwa ne, da goro, da ƙulin da na soya mata.